Filin Amsa Tambayoyinku: Wa Ke Jinyar Zukatan Yaran Falasɗinu?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ne ga halin da yara da matasan Falasɗinu suke ciki, musamman tabon da yaƙi yake bari a zukatansu. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a unguwar Zariya, nan cikin Maradi. Na ji a rediyo ana cewa ƙungiyoyin agaji suna kashe kuɗi wajen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yaran Gaza, kuma abin ya ɗaure mini kai. Yaron da ba shi da abinci, ba shi da makwanci, bai ma san ko zai wayi gari ba, me zaman hira da wasa zai tsinana masa? Ashe ba gara a sayi gari da magani da kuɗin ba? Kuma me ake yi musu takamaimai?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. A rabin maganarki ba ki da abokin gardama, domin su kansu masu wannan aiki haka suka tsara shi. Ƙa'idojin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da su a 2007 sun kasa taimakon hawa huɗu, kuma hawa na farko, wanda sauran suke zaune a kansa, shi ne tsaro da abinci da ruwa da makwanci, a kuma ba da su ta hanyar da ba ta zubar da mutuncin mai karɓa. Daga nan sai ƙarfafa iyali da dangi da makaranta, sai taimakon ma'aikatan da aka horar ko da ba likitoci ba ne, sannan can sama likitan ƙwaƙwalwa da magani ga tsirarun da ciwonsu ya yi tsanani. Ke nan buhun garin da kike magana a kai shi ma yana cikin jinyar, don uwar da ta san abin da za ta ɗora a wuta gobe ta fi samun ƙarfin rarrashin ɗanta da dare.

Inda zan rabu da ke shi ne a ce sai komai ya daidaita sannan a waiwayi zukatansu, saboda a Gaza wannan jira ba shi da ranar ƙarewa. Zirin duka faɗinsa murabba'in kilomita 365 ne, mutane sama da miliyan 2 suke cunkushe a cikinsa, kusan rabinsu ba su kai shekara 18 ba, kuma tun 2007 yake a killace ta ƙasa da teku da sama. Yaron da aka haifa a 2006 ya ga yaƙin ƙarshen 2008 bai daɗe da yaye ba, ya ga na 2012 da na 2014 yana firamare, ya ga na 2021 yana tashen samartaka, sannan wanda ya ɓarke ranar 7 ga Oktoban 2023 ya riske shi yana gab da kammala sakandare. Tun kafin wannan na ƙarshe, binciken da ƙungiyar Save the Children ta fitar a 2022 ya nuna yara 80 cikin 100 a Gaza suna rayuwa cikin tsoro da baƙin ciki da ƙunci, alhali a 2018 adadin 55 ne, kuma fiye da rabinsu tunanin kashe kansu ya taɓa ɗarsuwa a ransu. A watan Fabrairun 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara 17,000 sun rabu da iyayensu ko ba su da kowa tare da su, ta kuma ce kusan dukkan yaran zirin, sama da miliyan 1, suna bukatar taimako ta fuskar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ki ɗauki abu guda kawai ki duba, fitsarin kwance, wanda kusan takwas cikin goma na iyayen da aka tambaya a binciken 2022 suka ce ya ƙaru ga ƴaƴansu. Yaro mai shekara goma da ya daɗe da barin wannan ɗabi'a sai ta dawo masa a cikin tanti, inda yake raba katifa ɗaya da ƙannensa, inda ruwan wanki sai an bi layi da jarka, inda kuma bayi yake nesa cikin duhu jirgi marar matuƙi yana ƙugi a sama. Da safe uwa, wadda ita ma ba ta runtsa ba, ta daka masa tsawa a gaban kowa. Kunya ta haɗu da tsoro, sai ya fara gudun barci, ya wuni yana dukan ƙannensa ko ya yi shiru ya daina magana gaba ɗaya. Ma'aikaciyar da ta shigo wannan tanti ba da yaron take farawa ba. Uwar take zaunarwa ta bayyana mata cewa ba lalaci ba ne, ba kuma raini ba ne, jikinsa ne bai sauka daga firgici ba. Ta roƙe ta ta daina faɗan a bainar jama'a, ta riƙa raka shi bayi kafin a kwanta, ta bar hannunta a bayansa har barci ya ɗauke shi. Wannan ba ya cin kuɗin gari ko kwano ɗaya, amma yana iya zama bambanci tsakanin yaron da zai farfaɗo da wanda zai ƙara nutsewa.

Sauran aikin ma da yawansa haka yake, ba shi da ƙyale-ƙyale. Akwai taimakon farko na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoransa a 2011, wanda ya ginu a kan duba halin mutum, sauraronsa ba tare da matsa masa ba, da haɗa shi da danginsa ko da abin da yake bukata. Akwai zaman rukuni inda ake koya wa yara jan numfashi a hankali idan ƙirji ya fara bugawa, da sassauta gaɓɓai, da zana abin da bakinsu ya kasa faɗa. Wata ƙungiyar agajin ƴan gudun hijira daga ƙasar Norway ta daɗe tana gudanar da wani shiri a makarantun Falasɗinu da ke horar da malamai irinki yadda za su taimaki ɗalibin da mugun mafarki ya hana shi barci har karatunsa ya lalace. Akwai kuma azuzuwan wucin gadi a cikin tantuna, waɗanda amfaninsu bai tsaya ga lissafi da rubutu ba: yaro ya san ƙarfe kaza zai tafi wuri kaza, zai ga fuskar da ya gani jiya, za a kira sunansa ya amsa.

Ba zan ɓoye miki iyakar abin ba. Dakta Samah Jabr, likitar ƙwaƙwalwa Bafalasɗiniya wadda ta shugabanci sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a ma'aikatar lafiyarsu, ta sha bayyana cewa ciwon da littattafan likita suke kira firgicin bayan masifa an siffanta shi ne da mutumin da haɗari ya riga ya wuce shi, misalin sojan da ya koma gida, alhali Bafalasɗine bai kai ga wani baya ba tukuna, kuma tsoron da yaronsu yake ji tsoro ne na abin da yake nan tsaye a kansa. Mai jinya a can tamkar mai ɗaure rauni ne ga wanda ba a daina sara ba. Su kansu ma'aikatan ƴan gudun hijira ne, da yawansu sun binne nasu ƴaƴan. Hukumar UNRWA, wadda take kula da ƴan gudun hijirar Falasɗinu a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kaɗai ta rasa ma'aikata sama da 300, kuma asibitin masu taɓin hankali guda ɗaya tilo da Gaza take da shi ya daina aiki tun Nuwamban 2023. Tsagaita wutar Oktoban 2025 ta rage luguden wuta, amma ba ta mayar da gidaje da makarantu da iyayen da aka rasa ba. Duk da haka ra'ayina a fili yake: aikin ba ya warkar da yaro sarai, amma yana riƙe shi ya yi barci, ya ci abinci, ya ci gaba da yarda da wani babba, har ranar da za a samu sararin yin jinya ta sosai, kuma wannan ya cancanci kuɗinsa.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a unguwar Bagalam. Falasɗinawa mutane ne masu imani da haƙuri, muna ganin ƙananan yaransu a waya suna karanta Alƙur'ani a kan kangon gidajensu. Ashe addu'a da tawakkali ba su ishe su ba? Ina jin tsoron kada a kai musu ciwon Turawa da sunan taimako.

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara girma. Imani garkuwa ce ta gaske, kuma ma'aikatan da suka san aikinsu ba sa wasa da ita. Yaron da ya yarda mahaifinsa yana wurin Ubangiji mai rahama yana da abin dogaro da babu likitan da zai iya ba shi. Sai dai imani bai taɓa hana zuciya jin ciwo ba. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba a ce haƙurinsa ya ragu ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Idan haka ne, yaron da ya ga an zaƙulo uwarsa daga ƙarƙashin gini, daga baya ya kasa barci, ba rauni ne a addininsa ba.

Batun ciwon Turawa kuwa, wanda ya kafa babbar cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwar al'umma ta Gaza a 1990 ɗan ƙasa ne, Dakta Eyad El-Sarraj, wanda ya rasu a 2013, kuma abin da ya gani ga yaran da suka taso cikin boren farko da Falasɗinawa suka yi wa mamayar Isra'ila a 1987 ne ya tura shi. Shi da abokan aikinsa sun fahimci cewa mutanensu, kamar namu, suna gudun a kira su mahaukata, shi ya sa suka fitar da aikin daga bayan katangar asibiti suka kai shi unguwanni da makarantu da gidaje. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da ake yaƙi yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga matsananciyar damuwa har zuwa taɓin hankali, kuma wannan lissafi bai ware mai salla daga marar yi ba.

Akwai abin da yake damuna a hotunan da Baba ya ambata, kuma zan faɗe shi da ladabi. Muna tura su ga juna muna cewa ga jarumai, ga waɗanda ba su san tsoro ba. Yabo ne, amma yabon da yake iya toshe bakin yaro, domin wanda duniya ta naɗa jarumi yana jin nauyin cewa yana tsoro, yana kewar uwarsa, yana so ya yi kuka. Mai yiwuwa yaron da ya karanta sura da rana shi ne yake farkawa da ihu cikin dare, kuma duka biyun gaskiyarsa ce. Malamin da ya yi masa addu'a, ya kuma ce masa kuka ba laifi ba ne, ya yi aikin liman da na likita a zama ɗaya.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Kullum ƙananan yara ake nunawa. Ina labarin samari da ƴan mata tsarana da na ƙasa da ni kaɗan, a Gaza da Gaɓar Yamma?

AMSA: Ɗana, ka taɓo waɗanda aka fi mantawa da su, saboda sun wuce a ɗauke su a rarrasa, ba su kuma kai a saurare su kamar manya ba. A Gaza ɗalibai kimanin 625,000 ne yaƙin ya raba da aji, dubban ƴan ajin ƙarshe ba su zauna jarabawar kammala sakandare ta 2024 ba, kuma babu jami'a ɗaya da ta tsira daga rusau ko lalacewa. Ka kwatanta da kanka: abin da ya sa kake jure wahalar karatu shi ne kana hangen inda zai kai ka. Saurayin da aka ɗauke wa wannan hange, aka kuma ɗora masa ciyar da gida saboda uba ya mutu ko yana tsare, yakan koma ko dai mai zafin rai da jefa kansa cikin haɗari, ko kuma mai zama shiru ba ya sha'awar komai. Ƴan mata suna ɗauke da renon ƙanne, ga rashin wurin sirri a tanti ko a ajin da ya zama masauki, ga matsin aurar da su da wuri. Tun bayan yaƙin 2008 zuwa 2009 shan tiramol ya zama sanannen bala'i a tsakanin matasan Gaza, kuma ba sai na yi wa ɗan Maradi bayanin abin da wannan ƙwaya take yi wa saurayi ba.

A Gaɓar Yamma da Kogin Jodan ciwon yana da wata fuska. Rahoton UNICEF na 2013 ya ce kimanin yara 700 masu shekara 12 zuwa 17 ne sojojin Isra'ila suke kamawa duk shekara, akasari bisa zargin jifa da duwatsu, sau da yawa cikin dare a gaban iyayensu, ya kuma ce musguna musu ya zama ruwan dare a tsarin. Yaron da aka sako yakan dawo ya tarar ajinsu ya wuce shi, yana jin ya girmi abokansa, kuma ya ga da idonsa cewa mahaifinsa bai iya kare shi ba, abin da yake girgiza gida duka. Cibiyar gyaran rayuwa ta ƙungiyar YMCA da ke Beit Sahour, kusa da Baitalami, ta shafe shekaru tana aiki da irin waɗannan yara da iyayensu, tana mayar da su makaranta ko ta koya musu sana'a. A farkon 2025 kuma farmakin soja ya kori mutane kusan 40,000 daga sansanonin Jenin da Tulkarm da Nur Shams.

Abin da ya fi tasiri ga mai irin waɗannan shekaru shi ne a ba shi aikin da yake da daraja, ba a zaunar da shi ana jin tausayinsa ba: ya jagoranci wasan ƙananan yara, ya koyar da ƙannensa karatu, ya shiga rabon kaya, ya zauna da tsararsa su tattauna matsala ɗaya su nemo mata mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsara wani shiri na masu shekara 10 zuwa 15, zama bakwai ga yaran da zama uku ga masu riƙonsu, wanda ba sai likita ne zai jagorance shi ba, an kuma gwada shi a Jodan tsakanin ƴan gudun hijirar Siriya. Zaman iyayen nan uku, a ganina, su ne ƙashin bayan shirin.

TAMBAYA: Daga Gidan Rumji nake rubutowa. Ina jin labarin yaran Gaza sai na ga kamar a gidana ake magana. Ina riƙon ɗiyar ƙanwata mai shekara tara, wadda aka kawo mini daga wani ƙauye a hayin iyaka bayan ƴan bindiga sun kashe mahaifinta. Da ta ji ƙarar babur sai ta ruga ƙarƙashin gado, ba ta cika magana ba, kuma maƙwabta suna cewa iska ce. Akwai abin da zan ɗauka daga yadda ake yi wa na can?

AMSA: Hajiya, Allah Ya jiƙan mahaifinta, Ya saka miki da alherin riƙon marainiya. Tun 2019 dubban iyalai daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakowa zuwa gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa, har aka kafa musu matsugunai a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, don haka ɗiyarki tana da ƴan uwa da yawa a wannan hali. Ba zan daidaita abin da ya same ta da na Gaza ba, kowane da nauyinsa, amma jikin yaro iri ɗaya yake amsa firgici ko a ina, kuma ita tana da abin da yaran can ba su samu ba, wato gidan da haɗarin ya yi nisa da shi da kuma babba ɗaya tsayayye, ke.

Gudun da take yi ba iska ba ce. A kan babura maharan suka zo, kunnenta ya riƙe wannan ƙara, jikinta kuma yana gudu tun kafin hankalinta ya tuna cewa tana Gidan Rumji. Idan ta shige ƙarƙashin gado kada ki jawo ta da ƙarfi, kada kuma ki bari yara su yi mata dariya. Ki durƙusa kusa, ki kira sunanta da murya ƙasa-ƙasa, ki ce mata babur ɗin maƙwabci ne, kina nan, babu abin da zai taɓa ta, sannan ki jira ta fito da kanta. Kada a matsa mata ta ba da labarin daren, musamman a gaban baƙi masu zuwa jaje, domin tilasta wa mutum maimaita masifa nan take abu ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a guje shi. In ta fara da kanta, ki saurara ba tare da katse ta ba, kuma ki tabbatar mata ba laifinta ba ne, don yara da yawa suna ɗora wa kansu laifin mutuwar iyayensu. Labarin zuciya a tambayi fuska, saboda haka ki lura da cinta da barcinta da wasanta fiye da abin da bakinta yake faɗa.

Ki tsayar mata da lokacin ci da na kwanciya, ta kwana kusa da ke, ki sa ta makarantar boko da ta allo ko da ba ta buɗe baki a aji, ki kuma gaya wa malaminta halin da take ciki a keɓe don kada ya ɗauki shirunta taurin kai ya kai mata bulala. Ki ba ta ƙaramin aiki tare da ke, tsince wake ko ba awaki dusa. Idan da hali ta riƙa jin muryar uwarta a waya a rana sananniya. Addu'a da tofi ki yi mata su da hannunki cikin taushi, amma duk mai maganin da zai ɗaure ta, ya dake ta, ko ya turara mata hayaƙi har ta shiɗe, to firgici zai ƙara mata a kan firgici. Kada ki saya mata ƙwayar barci wurin masu tallar magani. Idan bayan wata ɗaya ko biyu ba ki ga sauƙi ba, ko ta daina cin abinci, ko ta fara ji wa kanta ciwo, ko ta ambaci son mutuwa, ki kai ta gidan likita mafi kusa ba tare da jinkiri ba, ki faɗa wa majo duk abin da ya faru tun daga daren harin, ki kuma nemi ya tura ku Maradi wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa idan abin ya fi ƙarfinsa.